Jiran Almasihu ba zaman kashe wando ba ne

A farkon watan Yulin 2022 'yan sanda suka kutsa wata majami'a a garin Ondo, suka fito da mutum 77 daga wani ɗaki da ke ƙarƙashin ginin, cikinsu har da ƙananan yara. Wasu sun shafe watanni a ciki. An gaya musu cewa fyaucewa ta kusa, wato ranar da Kiristoci da dama suka gaskata za a ɗauke masu bi daga duniya su taryi Almasihu. An fara sa musu watan Afrilu. Da Afrilu ya wuce ba labari, sai aka ɗaga zuwa Satumba. Ɗalibai sun watsar da karatu, kuma da iyaye suka zo ɗaukar 'ya'yansu, wasu yaran suka ce atafau ba inda za su.

Mutanen Ondo sun yi sa'a, tunda sun fito da ransu. A Kanungu ta ƙasar Yuganda, ranar 17 ga Maris 2000, ɗaruruwan mabiya wata ƙungiya da ta daɗe tana shelar tashin duniya suka ƙone ƙurmus a ɗakin ibadarsu. A dajin Shakahola na Kenya, daga 2023 zuwa yau an tono gawarwaki sama da 400 na mutanen da aka ce musu su ƙaurace wa abinci domin su gamu da Yesu. A Amurka kuwa wani mai wa'azin rediyo, Harold Camping, ya tsayar da 21 ga Mayu 2011 a matsayin ranar, wasu mabiyansa suka zuba abin da suka tara a allunan sanarwa, gari kuma ya waye ranar 22 kamar yadda ya saba.

Yawancin Kiristoci za su ce waɗannan ɓatattu ne, ba ruwansu da su. Da gaskiyarsu. Sai dai cutar tana da wani nau'i mai sauƙi wanda bai kai ga kisa ba, kuma ya shiga majami'u masu mutunci. Alamarsa ita ce a ɗauka zama da shiri abu ne da ke tsakanin mutum da kujerarsa ta coci: ya halarci addu'ar dare, ya kwana a majami'a ranar 31 ga Disamba, ya biya zakkarsa, ya iya jero alamun ƙarshen zamani daga yaƙin Gabas ta Tsakiya har zuwa lambar katin ɗan ƙasa. Idan mai wa'azi ya ɗaga murya ya ce, “Ɗan'uwa, ka shirya?” sai kowa ya sunkuyar da kai yana binciken zuciyarsa. Binciken zuciya ba laifi ba ne. Amma ba kasafai ake samun wanda tambayar ta sa ya tuna da gwauruwar da ke bayan gidansa ba.

Littafin da masu wa'azin ke riƙe da shi bai bar maganar a dunƙule ba. Sura ta 24 da ta 25 na Bisharar Matiyu su ne madogarar kusan duk wani wa'azi a kan zuwan Yesu na biyu, kuma tun a farko suka toshe ƙofar lissafi, domin an nuna cewa ranar ɓoyayya ce har ga mala'iku. Daga nan misalai suka biyo baya. Akwai 'yan mata goma masu jiran ango da fitilu, biyar suka yi tanadin mai, biyar suka tashi nema bayan dare ya raba, suka dawo suka tarar an rufe ƙofa. Bahaushe ya riga ya san wannan, shi da ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai bayin da maigida ya bar wa jari, aka hukunta wanda ya binne nasa don tsoro. Sai zancen ya ƙare da zaman shari'a, inda aka raba mutane gida biyu a kan abubuwa shida: yunwa, ƙishirwa, baƙunci, rashin sutura, ciwo da kurkuku. Wa ya kula da masu wannan hali, wa ya kau da kai? Ba a tambayi kowa yawan daren da ya raya ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne duka ɓangarorin biyu mamaki suka yi, domin waɗanda suka yi alherin ba su san ana rubutawa ba, waɗanda suka ƙi kuma ba su san wanda suka wuce ba.

Wani fasto zai yi wuf ya ce ceto ta wurin alheri ne, ba ta ayyuka ba. Haka ECWA da COCIN da EYN da Baptis suke koyarwa, kuma ba wannan ake jayayya a kai ba. Wasiƙar Yakubu ce ta kawo misalin mutumin da ya sallami ɗan'uwansa mai yunwa da fatan alheri kawai, hannu rabbana, ta kuma ce irin wannan bangaskiya ba rai a cikinta. Manzo Bulus ma sai da ya tsawata wa wasu a Tasalonika da suka ajiye sana'a suka koma cin na mutane. Tun ƙarni na farko ke nan ake fama da masu jiran sama da hannu a aljihu.

Arewacin Najeriya yana da nasa tarihin a kan wannan batu, kuma sunan wata cuta da ake jin ta a rediyo duk rani yana ɗauke da shi.

Lassa ƙaramin gari ne a kudancin Borno, ƙasar Margi, inda 'yan mishan na Cocin 'Yan'uwa suka kafa asibiti. A watan Janairun 1969, lokacin yaƙin basasa bai ƙare ba, wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya mai suna Laura Wine ta kwanta da ciwon baya da zazzaɓi. Mace ce da ta haura shekara sittin, wadda a ƙa'ida lokacin hutunta ne a ƙasarsu, amma ta zaɓi ta ƙarasa ƙarfinta a ɗakin haihuwa na wani ƙauye da ko a taswira sai an lalubo shi. Aka yi maganin zazzaɓin cizon sauro, bai ji ba. Makogwaronta ya cika da gyambo. Aka ɗauke ta a ƙaramin jirgin mishan zuwa asibitin mishan ɗin SIM da ke Jos, a can ta cika kafin watan ya ƙare.

Wadda ta yi jinyarta a Jos, Charlotte Shaw, tana da ɗan rauni a yatsa lokacin da take goge mata baki. Cikin kwanaki ita ma ta kwanta, ta bi ta a watan Fabrairu. Ta uku ita ce Lily Pinneo, wadda aka fi sani da Penny, da ta yi jinyar su biyun, ta kuma taimaka wajen binciken gawa. Da ciwon ya kama ta sai aka kai ta Legas, daga can zuwa New York, inda ta sha da ƙyar bayan doguwar jinya. Daga jinin waɗannan mata ne masana a Jami'ar Yale suka gano ƙwayar cutar, aka raɗa mata sunan garin Lassa. Ɗaya daga cikin masanan, Jordi Casals, shi ma ya kamu a ɗakin gwaji, aka ɗebi ruwan jinin Pinneo aka ƙara masa, ya tashi.

A farkon 1970 cutar ta sake ɓarkewa a asibitin Evangel na Jos, wanda mutanen gari ke kira Jankwano. Likitar asibitin, Jeanette Troup, ita ce ta duba Wine da Shaw a shekarar da ta gabata, saboda haka ta san abin da take taɓawa fiye da kowa a ƙasar. Duk da haka ta ci gaba da duba marasa lafiya, ta kuma buɗe gawar wanda cutar ta kashe domin a tabbatar da abin da ke cin mutane. Wuƙa ta yanke ta a hannu. Pinneo, wadda ba ta daɗe da miƙewa ba, ta kamo hanyar Najeriya da ruwan jininta da ake fatan zai yi magani. Kafin ta iso Jos, Dakta Troup ta rasu, a watan Fabrairun 1970. Pinneo ba ta juya ba, ta zauna ta ci gaba da aikin jinya a Najeriya.

Ya kamata a faɗa cewa ba Turawa kaɗai suka mutu a wannan ɓarkewar ba. 'Yan ƙasa, marasa lafiya da ma'aikatan asibiti, su ne suka fi yawa a cikin waɗanda suka kwanta, sai dai ba su yi suna kamar baƙin ba. Har gobe kuma zazzaɓin Lassa yana kashe likitoci da nas-nas 'yan Najeriya, Musulmi da Kirista, a bakin aiki. Abin da ya sa labarin waɗancan matan ya dace da wannan batu shi ne dukkansu daga majami'un da suka yi imani da dawowar Almasihu suka fito, imani mai ƙarfi kuwa. Wannan imanin bai kai su ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba. Bakin gadon mara lafiya ya kai su.

Haka zancen kutare. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ya karɓi aikin kula da su a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, a zamanin da dangi kan yi wa kuturu bukka a bayan gari. A Nijar an buɗe asibitin Galmi a 1950, na Danja kusa da Maraɗi ya biyo baya. Ba wanda zai ce 'yan mishan ba su da burin samun mabiya. Suna da shi, ba su ɓoye ba, sarakuna da talakawa kuma sun sani. Amma miki ba ya warkewa da wa'azi, sai an wanke an ɗaure kullum safiya, kuma akasarin waɗanda aka wanke wa mikin da addininsu suka koma gida.

To, ina magadan wannan aiki a yau? Ga wani abu da duk mai zama a Jos ko Kafanchan ko Numan ko unguwannin Kiristoci na Kaduna ya sha gani. An kwantar da dattijuwa a asibiti. Likita ya rubuta gwaji da magani, ɗanta ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya fita baranda yana ta kiran waya. Wannan ya ce a bari sai ƙarshen wata. Wancan ya ce, “Muna addu'a, Ubangiji zai taɓa ta.” 'Yarta na kwana a tabarma ƙarƙashin gado, da kular abinci da bokiti a gefe. Ana sayen maganin rabi-rabi, na yau daban, na gobe sai an ga hali. Ranar da rai ya yi halinsa kuwa, kafin la'asar an kafa kwamiti, an buɗe zaure a WhatsApp. Gawa za ta yi makonni a ɗakin ajiye gawa ana biyan kuɗin kwana, ana jiran na Legas da na Abuja. A fitar da anko, a buga riguna da hotonta, a ɗauko hayar rumfuna da kujeru, a buga littafin tsarin jana'iza mai sheƙi, a kayar da sa. Wanda ya ce sai ƙarshen wata shi ne zai turo kuɗi mai kauri, a karanta sunansa a lasifika. Sai a tashi ɗaya bayan ɗaya ana cewa, “Mama ta tafi gida, Mama ta huta, sai mun sadu.” Rubu'in abin da aka kashe a ranar da ya sayi maganin da aka yi ta gutsurawa.

Maƙwabci Musulmi da ke binne nasa cikin sa'o'i kada ya yi saurin murmushi, don shi ma ya san inda nasa kuɗin ke tafiya ranar biki alhali ɗan'uwa na kwance. Amma yau da Kirista ake magana, kuma a wurinsa abin ya fi ciwo, tunda shi ne ke cewa mamacin ya riga ya isa wurin da ba ya bukatar komai. Ana yawan fassara “kafin lokaci ya ƙure” da mutuwar mai bayarwa. Sau da yawa lokacin mai karɓa ne ke fara ƙurewa. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwon lafiya daga aljihun mutane yake fita kai-tsaye, jinkirin mako guda kan raba mai rai da gawa.

In za a yi adalci, akwai waɗanda ba su saki wannan igiya ba, su ne Zumuntar Mata. An fi sanin su da zane iri ɗaya da kiɗan tulu ranar Lahadi, amma aikinsu na gaske a tsakiyar mako yake. Su ke zuwa gidan mai jego da sabulu da mudun hatsi, su ke karɓa-karɓar kwana a asibiti, su ke zama da gwauruwa bayan 'yan rumfa sun kwashe kujerunsu. Da 'yan kuɗin da suke tarawa a taronsu suke yin wannan. Duk wanda ya taɓa sauraron rahoton kuɗi na ƙarshen shekara a majami'a zai iya gwada abin da aka ware wa gini da kayan sauti da motar fasto da abin da aka ware wa marayu da marasa lafiya. A wurare da yawa kunya ba za ta bari a karanta layukan biyu a jere ba.

Kurkuku ma yana cikin abubuwa shidan nan, kuma shi aka fi mantawa. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Wasu kuma an yanke, an ba su zaɓin tara, kuɗin ne babu. A ƙarshen 2023 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta sanar da tara naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hali domin sakin fursunoni 4,068 irin waɗannan. Idan aka raba, bai kai naira dubu 150 a kan mutum guda ba. Akwai majami'un da baikon Lahadi ɗaya ya ninka wannan sau da yawa, kuma gidan yari bai fi tafiyar Keke Napep daga ƙofarsu ba. Lauyoyi na zaune a kujerun gaba. Abin da ya rage shi ne dattijon ekklisiya guda da zai je ya nemi jerin sunaye.

Za a ce ai wannan aikin gwamnati ne. Ƙwarai kuwa, kuma bakin coci bai kamata ya mutu ba wajen tuna wa gwamnati haƙƙin da ke wuyanta. Sai dai mai naƙudar da jini ya ɓalle mata yau da dare ba za ta jira kasafin baɗi ba, kuma Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya. Ƙungiyar matasan majami'a da ta san rukunin jinin 'ya'yanta, ta ajiye lambobinsu a wurin nas ɗin asibitin unguwa, ta yi wani shiri da ya fi kwana bakwai na taron farkawa amfani ga wannan matar.

Kyakkyawar niyya ita kaɗai ma ba ta isa ba. Ranar 21 ga Disamba 2024 mutum goma suka mutu a turmutsitsi a harabar cocin Katolika na Holy Trinity da ke Maitama, Abuja, wajen rabon abincin Kirsimeti. A watan Mayun 2022 mutum 31 suka mutu a Fatakwal a wani rabon kayan kyauta da wata majami'a ta shirya. Waɗanda suka shirya rabon alheri suka nufa, ba mai musun haka. Abin da ya faru ya nuna zurfin yunwar da ake ciki, ya kuma nuna haɗarin tara alherin shekara guda a zuba shi rana ɗaya a bakin ƙofa ɗaya. Majami'ar da ta san matalautan unguwarta da suna da gida tun watan Janairu ba ta bukatar a yi mata layi tun asuba a watan Disamba.

Yola ta nuna yadda abin yake idan an yi shi da tsari. A 2012 shugabannin Musulmi da na Kirista da 'yan kasuwa da Jami'ar Amurka ta Najeriya suka kafa wata ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa. Cikinsu akwai Bishop Stephen Dami Mamza na Katolika. Da Boko Haram ta ci Madagali da Michika, sannan Mubi a watan Oktoban 2014, jama'a suka kwararo Yola a ƙafa da bayan manyan motoci, waɗannan shugabanni sun riga sun san juna, kowa na da lambar kowa. Aka buɗe harabar babban cocin Saint Theresa, dubban mutane suka kwana a ciki, aka yi ta rabon abinci a coci da masallaci ba a tambayar mutum addininsa.

Da ƙura ta lafa yawanci suka koma garuruwansu, amma wasu iyalai ba su da inda za su koma, suka shekara bakwai suna zaune a harabar cocin. A 2021 darikar Katolika ta Yola, da tallafin ƙungiyar Missio ta Jamus, ta buɗe musu rukunin gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin ƙaramar hukumar Girei, da makaranta da coci. Da yake akwai Musulmi a cikin iyalan, Bishop Mamza ya sa aka gina musu masallaci. Wasu Kiristoci sun soke shi, suna cewa yaya za a yi haka alhali an ƙona majami'u ba adadi a yankin. Shi ma ɗan ƙasar Michika ne, ba wanda zai koya masa abin da aka yi wa mutanensa. Bai fasa ba.

Gidaje 86 ke nan, daga darika ɗaya. A jihohin Borno da Adamawa da Yobe, waɗanda rikicin ya raba da muhallansu har yanzu sun kai kimanin miliyan biyu, ban da na Binuwai da Filato da kudancin Kaduna da Zamfara.